Bishiyar Ƙofar Gida

Wata rana da dare Baba Mai Sassaƙe ya ji wata irin ƙara, kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa mai tsawon hasumiya, sannan ƙasa ta amsa gib. Ya zunguri matarsa. Ta ce ya kwanta, mota ce. Shi kuwa ya tabbata aljanu ne ke ƙaura, ya yi musu addu'ar sauka lafiya, ya ja bargo.

Ciwon gwiwa ya daɗe da tsare shi a ɗaki, kuma a kwancen nan ya yanke shawarar lokaci ya yi da zai damƙa wa ɗansa Kafinta sirrin gidansu. Maganin ciwon shawara ne, ciwon nan mai sa ido ya yi rawaya, wanda ake haɗawa da ɓawon wata bishiya guda ɗaya tak. An ce kakan kakansa ne ya zo da irinta ƙulle a bakin zani, daga wani birni da yanzu ko tubalinsa babu. Ƙa'idar gidan kuwa ba a kiran sunanta. Idan mai sirrin ya ji ƙarfinsa ya ƙare, sai ya kama hannun magajinsa ya ɗora a jikinta, shi ke nan an yi gado.

Bishiyar tana nan ƙofar gida, jikin shagon Kafinta. Don kada kowa ya gane, Baba ya yi shekara da shekaru yana saɓa gatari ya nufi daji, ya yi barcinsa a inuwa, ya dawo yana nishi. Ɓawon kuwa da farce yake ɓantararsa in zai wuce alwala. Kullum kuma sai ya zage ta a gaban mutane: bishiyar banza, ko akuya ba ta kallon ganyenta.

Da hantsi Kafinta ya shigo yana washe baki, dusar katako har gira.

"Baba, albishirinka. Na raba ka da abokiyar gabarka."

"Wacce? Uwarka ga ta nan zaune."

"Ka ji tsohon banza," in ji tsohuwa.

"Bishiyar nan mana. Jiya muka sare ta rabi, magariba ta kore mu, ta ƙarasa faɗuwa da kanta. Kututturen ma na tsiyaye masa baƙin mai, ko kakanta ba ta isa ta sake tohowa ba. Katakon kuwa, Baba, kujera zan yi maka mai hannu."

Baba ya dube shi, ya dubi hannun da ya yi niyyar kamawa. Ya sa aka tallabo shi zuwa waje. Ga ta kwance ta tare rabin titi, yara na sukuwa a kan rassanta. Ya durƙusa ya kai farce jikinta, sai kuma ya janye hannu. Ɓawon matacciya ba ya magani, haka ubansa ya gaya masa.

"Kin ga har ya rasa bakin godiya," Kafinta ya ce wa uwarsa.

Sai ga matar tela, maƙwabciyarsu, ta ƙetaro reshe da jikarta goye a baya. Ta kwance goyon, ta gwale idon yarinyar da yatsa, ya yi rawaya fatau.

"Baba, sannu da jiki. Ka ga wannan tun shekaranjiya. Akwai sauran na wancan karon kuwa, ko sai an haɗa sabo?"