An Kulle Ciki, An Bar Suna a Waje

Shekara tara ina wannan ofis, aikina ɗaya ne: in sun gina manhaja, ni in nemo inda take yoyo. Shi ya sa suke kirana Uwar Ƙorafi, har a gaban idona. Ban taɓa damuwa ba, da ƙorafin nan nake riƙe da 'ya'ya uku.

Ranar Talata da safe aka ba ni sabon tsarin kulle fayil in gwada, kafin a sa shi a kwamfutocin kamfanin duka. Oga kam an riga an sa masa, shi ba ya bin layi. Na shiga ma'ajiyar fayilolin ofis ta kwamfuta kamar ƙaramin ma'aikaci, na bi fayilolin da aka kulle ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗaya bai buɗu ba. Sai dai abin da ke ciki kawai kullen ya rufe, sunayen kuwa ga su nan a jere, duk mai ido zai karanta.

Cikin fayilolin Oga na ga wannan suna: "Takardar sallama, Uwar Ƙorafi, Juma'a". Ko sunana na yanka bai samu arzikin shiga ba.

Shayina ya huce a gefen kwamfuta. Raina ya ɓaci matuƙa, amma mai hali ba ya fasa halinsa. Na rubuta rahoton daki-daki yadda na saba, na buga, na kai masa. A tsaye ya karanta yana kaɗa makullin mota. Wai wannan ba matsala ba ce, ai suna ba ya cizo, abin da ke ciki shi ne sirri. Ya ƙara da cewa ni dama ba a iya mini.

"Yallaɓai, duba shafi na biyu," na ce. "Misalin da na kawo."

Ya duba. Na tsaya ina jiran ya ji kunya, ko ya ce in zauna mu yi magana, shekara tara ai ba kwana tara ba ce. Sai ya ja kujera gaban kwamfutarsa, ya goge sunan fayil ɗin a gabana, ya rubuta "Sabon fayil 2".

"To, ga shi an gyara," ya ce, ya turo mini biro da takardar amincewa da sabon tsarin. "Sa hannu, Malama. So muke a gama da komai kafin Juma'a."