Ƴar Hular da Na Sa a Dama

Odinatar ɗin Baba, wato kwamfutarsa, ta girme ni da shekara goma sha ɗaya. Da fara ce, yanzu ta koma launin kunun gyaɗa. Baba ya same ta ne lokacin da wani porje na masu aikin agaji ya naɗe tabarmarsa ya bar Magariya, kuma tun da ya ajiye aikin sakatare, da ita yake zama a zaurenmu yana buga wa mutane takardu: mai neman aiki, mai neman fili, mai kai kuka. Duk samfurin wasiƙun da ya tara shekara ashirin suna cikinta. Aibinta ɗaya, nawa. In ka kunna ta, sai ka ɗora shayi ka sha kofin farko kafin ta buɗe ido.

Kawu Muttaƙa ƙanin Inna ne, gyaran rediyo yake yi a kasuwar Dungas. Rediyo kuwa ta fara ja da baya, kowa ya koma sauraren labarai a waya, shi ya sa Kawu yake son komawa gyaran odinatar. Ya koya a hankali, shi kaɗai, a kan matattun na'urori. Abin da ya rage masa shi ne wanda zai shaide shi. Baba ya san duk malaman lakkwal, wato makarantun boko, da ma'aikatan biro-biro na gwamnati a garin nan, in ya ce wane ya iya, to ya iya. Inna ta yi wata biyu tana lallashin Baba kafin ya yarda Kawu ya taɓa masa na'ura.

Ranar wata Asabar cikin damina Kawu ya iso a kan kabu-kabu, ƙafar wandonsa duk taɓo. Ya zaro ƙullin tsumma daga aljihun gaba, ya warware shi a gaban Baba kamar mai nuna zinariya. Wani ɗan faranti ne mai kusurwa huɗu, cikinsa cike da ƙananan allurai.

"Furosesar ke nan, Yaya. Ƙwaƙwalwar na'ura. A Kano na tono shi cikin tsofaffin kaya. Ya ninka naka gudu."

"Anjeniyer na Dungas!" in ji Baba. "Ka dai tabbata in ka gama ba za ta kama tashar Damagaram ba?"

"In ta kama ai ka ci riba, ka huta da saya wa rediyo pil."

Haka suke kullum, miji da ƙanin mata. Malam Ɗan Azumi tela, maƙwabcinmu, ya baro kekensa ya zo ya tsuguna bakin ƙofa, don shi ba a yin abu a unguwa babu shi.

Ina tsaye da butar ruwa lokacin da Kawu ya kwance murfin da turnabis. Abin da na gani ya sa na so ƙasa ta tsage. Jar ƙura ta yi dandaɓe a ciki, ga yanar gizo, har da busasshen kyankyaso kwance a kusurwa.

"Subhanallahi," Kawu ya ce yana dariya. "Yaya, gidan nan babu ƴa mace ne? Ko ƴar bokon tamu ba ta san tsintsiya ba sai littafi?"

Wasa yake yi, na sani. Amma ni ce mai sharar zaure kowace safiya, kuma Malam Ɗan Azumi ya ji. Na ajiye butar na shige gida, kunnuwana suna zafi.

Kawu ya hure wurin da zai yi aiki, ya cire tsohon furosesar, ya dasa sabon, ya daidaita abubuwan da ke kewaye da shi bisa wani zane da mai kayan ya yi masa a bayan kwali. Kafin ya kunna aka kira azahar. Baba ya ce a bari sai an dawo, ba a fara abu ana sauri. Suka fita su uku.

Inna ta ba ni kwanon fura in kai zaure. Na ajiye, na rufe da faifai. Da na juya na tafi, da babu wannan labari. Amma na tsaya ina kallon ƙurar nan, maganar Kawu tana yi mini yawo a ka. Na koma bayan ɗaki na samo gashin kaza guda uku masu tsawo, na dawo na durƙusa. A hankali na yi, wallahi a hankali. Na fitar da kyankyason, na share yanar, na bi lungu-lungu. Ina cikin sharewa kusa da wani pil mai kama da kwabo, sai na ji ɗan ƙaramin sauti, ƙyas. Wani baƙin abu, bai kai ƙwayar wake ba, ya faɗo kan tabarma.

Na ɗauka na duba. Kamar ƴar hula ce ta roba mai rami biyu. Na leƙa inda ta fito, na ga allurai uku a jere, tsirara. Hula mai rami biyu, allurai uku. Ko dai ta hagu da ta tsakiya, ko ta tsakiya da ta dama. Ban ga yadda take ba kafin ta faɗo.

Na ji muryar Malam Ɗan Azumi daga nesa. Tun ina ƙarama aka koya mini takalmi da dama ake fara sawa, abinci da dama, shiga masallaci da dama. Na ce a raina, abin da aka sa a dama ba ya ɓaci. Na yi bisimilla na danna ta a dama, na kwashe gashin kazar na gudu.

Bayan labulen ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida na laɓe, da littafi a hannu don in Inna ta gan ni ta ce karatu nake.

"To, bisimilla," in ji Kawu. Ya danna maɓalli.

Fanka ta ɗauka, fuuu. Ƴar fitila ta kawo kore. Ekaran kuwa, gilashin da rubutu ke fitowa, baƙi ƙirin. A kullum na'urar nan in ta tashi sai ta yi ɗan kuka sau ɗaya, ƙiit, kamar ɗan tsako. Ranar ba ta yi ba.

"Tana kunyar baƙo ne," Baba ya ce.

"Yanzu za ta saki jiki."

Kawu da kunne yake aiki, irin na masu rediyo. Ya kwantar da kansa jikin na'urar, ya rufe ido, ya kashe, ya kunna. Shiru. Ya matsa wayar ekaran, ya cire ta ya hura ya mayar. Shiru. Ya zare wasu dogayen faranti biyu da ya kira baret, ya ɗaga murya:

"Hinda! Ara mini gom ɗinki na goge fensir."

Na kawo masa. Ban iya kallon fuskarsa ba. Ya goge bakin baret ɗin da gom har suka yi ƙyalli, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ƴata." Wannan addu'a ta fi mari zafi. Bakina ya buɗe, amma Baba yana nan, Malam Ɗan Azumi yana nan, ni kuwa ko a kilas in mushe, malaminmu, ya kira sunana muryata maƙalewa take. Na koma bayan labule.

Ya mayar da baret ɗaya kawai, ya gwada. Ya sauya da ɗayan, ya gwada. Ya cire wayoyin diski duka, wai ko da babu su ya kamata ta yi kuka. Ya ɓalle pil ɗin nan mai kama da kwabo ya ɗora a harshe, ya ce da sauran ransa. Yatsansa ya wuce ta kan ƴar hular. Bai tsaya ba. Me zai sa ya tsaya? Wuri ne da bai taɓa ba tun da ya buɗe na'urar, ga tabaraunsa ɗaure da zare, ido ɗaya ya tsage.

La'asar ta yi, suka je suka dawo. Furar tana nan a rufe.

"Muttaƙa," Baba ya ce, kuma yanzu babu anjeniyer a bakinsa, "mayar mini da nawa. Na yafe gudun."

"Shi ne abin da zan yi, Yaya. Wataƙila sabon ne matacce."

Ya cire sabon, ya mayar da tsohon, ya mayar da duk abin da ya sauya yadda ya same shi. Ya goge zufa da hularsa. Ya danna.

Fanka. Koriyar fitila. Baƙin ekaran.

Tattabarun Inna suna ta kuka a tsakar gida.

"Ikon Allah," in ji Malam Ɗan Azumi. "Da safe da ƙafarta take tafiya, ko da ɗingishi. Yanzu likita ya zo." Ya miƙe yana kaɗe riga. "Bari in leƙa shago, na bar mutane."

Kowa ya san abin da leƙa shagon Malam Ɗan Azumi yake nufi. Benci biyu ne a ƙofarsa, kuma ba sa rabuwa da mutane.

"Shekara ashirin," Baba ya ce a hankali. "Ranar Litinin mutum huɗu za su zo karɓar takardunsu. Me zan ce musu? Na ba mai rediyo?"

"Yaya, takardunka suna cikin diski, ban taɓa su ba."

"Na'urar ma ai ka ce ba za ka ɓata ba."

Kawu ya fara tattara turnabis yana sawa a jaka, ɗaya bayan ɗaya. Na waiga na ga Inna tsaye bakin madafa da ludayi a hannu, ta ji komai. Kawu ya leƙo ya ce mata zai koma kafin hadari ya taso, ya dawo da wasu kayan gwaji gobe. Ta ce ya tsaya ya ci tuwo. Ya ce a ƙoshe yake. Tun safe bai sa komai a bakinsa ba.

Na zaga ta ƙofar baya na same shi a gindin bedi yana jiran kabu-kabu.

"Kawu."

"Na'am, ƴar boko."

"Akwai… in abu ya faɗo… wata ƴar baƙar hula, kusa da pil…"

Ya juyo gaba ɗaya. Na faɗa masa, a birkice, gashin kaza da kyankyaso da allurai uku. Hawaye suna shiga mini baki.

"A wane gefe kika sa ta?"

"A dama."

"Me ya sa dama?"

"Na ga… da dama ake fara komai."

Ya dube ni, ya dubi sama, sai ya fashe da dariya har da riƙe bishiya. "Kabaliye ake ce mata. In tana wancan gefen, ce wa na'ura take ta manta duk saitinta ta kwanta. Kin sa ta barci ne kawai." Ya share ido. "Share fuskarki. Ki bar mini sauran."

Ya koma zaure, na koma bayan labule. Ya ce wa Baba ya tuna wani abu. Ya sa farce ya zare ƴar hular ya matsar da ita hagu, ya danna maɓalli.

Ƙiit.

Fararen rubutu suka cika ekaran. Na'urar ta manta kwanan wata, ta koma wata shekara da ba a haife ni ba, Kawu ya gyara mata. Sannan, ba tare da ya nemi izini ba, ya kashe ta ya sake dasa sabon furosesar. Ta tashi kafin Baba ya gama gyara zama. Wasiƙunsa duka suna nan.

"Mene ne ya hana ta da?" Baba ya tambaya.

"Wani ɗan abu ne na ture da hannun riga ban lura ba. Laifina ne."

"Ka gani? Rabin yini a kan hannun riga. Ta yi gudu, ban ƙi ba. Amma aikin nan yana son natsuwa, Muttaƙa. Ka riƙe rediyonka tukuna."

"To, Yaya," in ji Kawu. Ya tafi bai sha furar ba.

Kwana biyu ina ɗauke da abin. Na kasa karatu, layi ɗaya nake maimaitawa. Ranar Litinin da hantsi, bayan mutum na huɗu ya karɓi takardarsa, na shiga zaure na durƙusa nesa da tabur ɗin aikinsa. Na faɗa wa Baba ina kallon tabarma. Sau biyu ya ce in ɗaga murya.

Na jira faɗa, na ma fi son faɗan.

"Shi ya ce ki yi shiru?"

"Ya ce in bar masa."

"Miƙo mini waya."

Ya kira, ya sa a kunne, ya gyara murya. "Anjeniyer. Kana jina? Diraktan lakkwal ɗin bayan kasuwa yana da odinatar uku da suka ƙi tashi. Na ce masa ina da mutum. Ran Alhamis." Ya saurara. "A'a, ba sai ka zo da mai shara ba, muna da ita a nan." Ya kashe, ya ce in tashi in ba shi wuri.

Da yamma Inna ta aike ni karɓo ɗinki wurin Malam Ɗan Azumi. Bencinsa cike. Ina isowa na ji wani yana cewa, "Wane, mai rediyon Dungas? Wanda ya kashe na'urar Mushe Baƙo?" Haka ake kiran Baba a gari. Suka yi dariya. Wani ya ce shi ma ya ji a tasha.

Na tsaya da ledar ɗinki a hannu. Maza bakwai ne, duk sa'o'in Baba. Na ce, "Ba shi ba ne, ni ce," amma keken ɗinki yana ta ƙara, babu wanda ya waigo. Na matsa kusa da benci na sake faɗa da ƙarfi. Malam Ɗan Azumi ya ɗaga ƙafa daga keke.

"Me kika ce, ƴar Mushe?"

Na faɗa karo na uku, na ba su labarin tun daga gashin kaza. Su bakwai suka ji. Na tasha kuwa ban san su ba, ban san ko su nawa ne ba.