'Yar Mai Keken Rubutu

"Wace makaranta kika yi?" in ji Dokta Umaña, ko kai ba ta ɗago daga takardun ba.

Yuleidis Mosquera ta faɗi sunan makarantar gwamnati ta unguwarsu a Soacha, garin talakawa da ke gefen Bogotá, babban birnin Kolombiya. Malamai ukun da ke bayan tebur suka yamutsa fuska, kamar wanda aka kawo wa miya ba gishiri. Gurbi ɗaya tak ya rage na karatun lauya kyauta a wannan jami'a ta 'ya'yan manyan Bogotá, mutum goma sha biyu ke nemansa. Wanda ya shiga kafin ita har Geneva ya taɓa zuwa muhawara, ya kuma gaya wa duk mai kunne a baranda.

Malaminta na sakandare ya ja mata kunne kada ta kuskura ta ambaci sana'ar ubanta. Ta ce to. Amma da aka tambaye ta abin da ya bambanta ta da sauran, zuciya ta ciyo ta.

"Babana da keken rubutu yake zama a bakin kotu. Tun da idonsa ya raunana, shekara huɗu ke nan, ni nake buga wa mutane tutela."

Tutela ita ce ƙarar da kowa ke iya shigarwa ba tare da lauya ba idan an danne masa haƙƙi, dole kuma alƙali ya amsa cikin kwana goma.

Dokta Umaña ta taɓe baki. "Ayya, 'yata, wannan ai aikin 'yan bakin titi ne. Mu nan lauyoyi muke horarwa."

"Ranki ya daɗe, tsohuwar da kamfanin inshorar lafiya ya hana maganin ƙoda, ina za ta iya hawa benenku? A titin take samuna. Kuma ta samu maganinta."

Ta san ta ɓata rawarta da tsalle. Tsoro ya kama ta, amma ta ƙi sunkuyar da kai.

Tsohon da ke gefe, Dokta Piedrahita, wanda tun shigowarta yake kamar mai gyangyaɗi, ya cire tabarau.

"Kekenku ne wanda harafi ɗaya ke tsallake layi? A kotun Soacha?"

"Shi ne."

"Shekara ashirin ina kare kamfanonin inshorar nan a kotu." Ya dube ta sama da ƙasa. "Na ɗauka wani tsohon alƙali ne ya ɓuya a bayan keken. Sau bakwai yana kayar da ni."

Dokta Umaña ta ajiye biro. Yuleidis ta ga gurbin yana suɓuce mata, don wa zai ɗauki wadda ta sha kunyata shi? Hankali ya ce ta ba shi haƙuri.

"Takwas ne, Dokta," ta ce. "Ranar shari'ar Doña Herminda, tsohuwar nan mai ciwon ƙoda, ba ka zo ba, wakili ka turo."

Murmushi ya suɓuce wa tsohon. Sannan ya miƙa hannu, ya janye takardunta daga gaban Dokta Umaña, ya ajiye su a gabansa.