Sai Kawu Ya Zo

Tafiyar ƙaninta ce Dokas ta fara lura da ita. Japhet, ɗan shekara goma sha tara da ke zaune a wurinta a Lokuwa yana karatu, ya koma tafiya yana ware ƙafafu. Ya daina ba ta wandunansa ta haɗa a wanki. Ranar Lahadi a coci, da aka miƙe waƙa, shi yana zaune.

Ta san inda abin ya samo asali, ko da yake ba wanda ya gaya mata. Da suka je gida Kwaja cirar gyaɗa, samari sun sauka mayo, wato rafi, wanka, ta jiyo su daga gona suna kiran sunansa suna shewa. Tun ranar bai ƙara tuɓe riga gaban kowa ba.

Tana shara ta ga kwalbar a ƙarƙashin katifarsa, ba suna a jiki, da sirinji naɗe a leda. Irin man da masu lasifika ke tallarsa a bakin tasha ne, suna alkawarin ƙara wa namiji girman gaba cikin mako guda. Ta mayar da komai yadda ta same shi.

Da ta tambayi lafiyarsa ya ce basir ne. Ta san ƙarya yake yi, amma ta je kemis ta sayo maganin basir ɗin. A gidansu mace ba ta buɗe baki ta yi wa ɗan'uwanta maganar abin da wando ya rufe. Wannan magana ta kawu ce.

Ranar Talata ta buga wa Kawu Elkana waya. Bakinta ya kasa faɗa, sai ta ce Japhet na son ganinsa. Ya ce ya riga ya kira gayyar yankan dawa, ba zai watsa mutane ba, amma Asabar yana nan tafe.

Laraba zazzaɓi ya rufe Japhet. Alhamis da ta kai masa kunu, wani wari ya tare ta tun daga bakin ƙofa.

"Japhet, tashi mu je asibiti mana."

"Yaya, ki bari Kawu ya zo," ya ce, fuskarsa na kallon bango.

Ta ajiye kwanon ta fita.

Asabar da hantsi Kawu ya iso da buhun masara a bayan babur, yana tsokana wai ina ɗan bokon da ya fi ƙarfin zuwa gona. Ya shiga ɗakin. Bai yi minti biyu ba ya fito fuska a sauye, ya ce a tsayar da keke napep yanzu.

A barandar asibiti likita ya yi wa Kawu bayani, Dokas na tsaye a gefe. Man da Japhet ya ɗura wa gabansa da allura ya ruɓar da naman wurin, dole a yanke abin da ya mutu. Ransa zai tsira, sauran kuwa ba zai yi alkawari ba. Ya ce da kwana huɗu baya aka kawo shi, da abin bai kai nan ba.

Da likita ya wuce, Kawu ya dafa kafaɗarta ya ce kada ta ɗora wa kanta, ita mace ina za ta sani.

"Na sani, Kawu," ta ce. "Tun kafin in kira ka na ga kwalbar."

Ya sauke hannunsa a hankali. Suka tsaya nan, ba mai kallon wani, har aka turo gadon Japhet aka wuce da shi ɗakin tiyata.