Ranar da Fasto Ya Ƙwanƙwasa Ƙofar Gidansa

Tun da aka fara yaƙin nan mijina, Fasto Ambrose, ya zama dodo a garin Dimboola. Hukuma ce ta ɗora wa limaman coci aikin: idan soja ya mutu, takarda za ta iso gidan waya, su kuma su kai wa iyayensa. Da an hango baƙar rigar Ambrose sai mata su ja labule. Misis Haddow, aminiyata ta shekara ashirin, ta tare ni a shagon mahauci.

"Winifred, don Allah ki ce wa maigidanki ya daina bi ta layinmu. Ko gaisuwa ce, na yafe."

Ban ga laifinta ba. Ni ma ɗana tilo, Ewan, yana Faransa cikin sojoji, ana ta yi musu ruwan igwa a wani ƙauye wai shi Pozières. An harbe wani yarima a Sarajevo, Jamus ta taka Beljiyam, Ingila ta ce akwai alkawari tsakaninta da Beljiyam, mu da ke ƙarshen duniya aka ce duk inda Ingila ta sa ƙafa nan za mu sa. Wai ƙawance ke nan! Ewan bai taɓa ganin ɗan Beljiyam ba, askin tumaki kawai ya iya.

A Agustan 1916 takardun suka riƙa zuwa kullum. Kowace safiya ina bakin taga ina kallon Ambrose yana fitowa daga gidan waya. Hagu unguwar tashar jirgi ce, dama gonakin alkama. Allah ya yafe mini, duk inda ya juya sai in ji sanyi a raina. A ɗauki ɗan wata a bar mini nawa, abin da nake roƙo ke nan, kuma da sanina.

Tsarinsa ba ya canzawa: ya cire hula a bakin shinge, ya ƙwanƙwasa sau uku, ya jira a buɗe.

Ran Talata bai yi hagu ba, bai yi dama ba, ya miƙo gida. Na ce wa kaina tabarau ya manta. A bakin shingenmu ya cire hula. Ƙofar ba a kulle take ba, amma ya ƙwanƙwasa sau uku.

"Baban Ewan, gidanka ne fa. Shigo mana!"

"Buɗe, Winifred."

"Ba zan buɗe ba! Ka turo ka shigo kamar kullum, ka tambaye ni shayi. Don girman Allah ka turo!"

Na ji ya jingina goshinsa da ƙyauren.

"Winnie," ya ce, "ban san yadda ake faɗarsa daga cikin gida ba."