Ranar da Na Taya Manhajar Kyauta

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma duk tsohuwar kwamfutar nan ta falonmu ce ta jawo. Tun bara nake cika baki zan mayar da ita sabar, wato rumbun da kowa a gidan zai riƙa zuba hotuna da takardu, ya ɗebo ta wayarsa. Abin da ya rage kawai in zaɓi babbar manhajar da za ta tafiyar da ita, cikin na kyauta, amma na kasa. Matata Barira ta ce in ta sake share ƙarƙashin kwamfutar ba ta aiki, mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, za ta miƙa wa.

Sai ga ni a wata kasuwa, na goya kwamfutar da zanen Barira. Ruwa yana tashi daga ƙasa zuwa sama, don haka kowa a kan lemarsa yake tsaye. Wata akuya mai tabarau ta buga mini hatimi a goshi, ta cinye tikitina, ta nuna mini layin masu manhaja.

Rumfar farko ta wani baƙin tsuntsu ce mai farin ƙirji, yana tafiya kamar babbar riga ta yi masa yawa. Da mudu yake auna manhajarsa. Na ɗanɗana, na ji ta yi. Na tambayi kuɗi, ya ce kyauta ce.

"Haba, rage mini," na ce.

"Albarka," in ji shi.

Ni da ko tsinke ban taɓa saya ban taya ba, sai na juya ina jan ƙafa, ina jiran ya kira ni. Bai kira ba.

Na biyu kunkuru ne. Ya ce tasa ba ta gaggawa, amma tun kakansa ba ta taɓa faɗuwa ba. Ita ma kyauta. Na nemi gyara, ya ɗora mini buhun gaba ɗaya, har da bayanin yadda ake haɗa ta. Nan na ce lallai da walakin, na ajiye masa kayansa.

A rumfar wata raƙuma kuwa, kowane fayil sai an haɗiye shi a wuri biyu, don kada ya ɓata. Ina shirin tayawa sai na ji an taɓa mini kafaɗa daga baya.

"Baban Walida," in ji kwamfutar, "ni fa duk wadda ka ba ni zan ci. Tun bara ban sa komai a cikina ba."

Wallahi tausayinta ya kama ni. Na juya da gudu wajen tsuntsun, sai na tarar awaki suna naɗe kasuwar kamar tabarma, da rumfuna da 'yan kasuwar duka. Wani bunsuru ya turo baro, ya tsaya yana ƙwanƙwasa goyona da ƙaho, yana jin nauyin ƙarfen.

Ƙwanƙwasar ce ta tashe ni. Gari ya waye, baro na ƙara a ƙofar gida, falo kuma an share shi tas. Na fita ba takalmi. Barira na tsaye riƙe da tsintsiya, mai gwangwan ya ɗaga kwamfutar yana faɗin tayinsa.

Na rungume kwamfutar na ce masa, "Albarka."

"Ka zaɓa ke nan?" in ji Barira.

"Ta tsuntsun. Yau za ta ci."