Ciyawar da Baƙi Suka Zo Gani

Ya riga ya aske rabin filin kafin ya ji ihun mai fenti. Baban Inji ya kashe injin yankan ciyawa, ya zare audugar da ya toshe kunnuwansa da ita. Wasu ƙananan tsuntsaye masu ruwan ƙasa suna ta shawagi a kansa, sun rasa wurin sauka.

"Baba! Wa ya aike ka?" Mai fenti ya iso yana haki.

"Aike kuma? Ba yau baƙi za su zo ba?"

Haka aka saba a wannan wurin shaƙatawa. Da an ce manya na tafe, ba mai jiran umarni. Mai shara ta kwashe ganye, mai fenti ya shafe gindin bishiyoyi da farar ƙasa, shi kuma ya yi wa ciyawa ƙwal-kwabo.

"To ai ciyawar suka zo gani," in ji mai fenti. "Allon da ke cewa kada a yanka yana wurina. Jiya na cire shi zan sabunta rubutun."

Baban Inji ya waiga inda allon yake a da. Ya san allon. Da ya ga babu shi da safe, sai ya ɗauka an gama wasan yara, an dawo aikin gaskiya.

Filin na Malama ne, ma'aikaciyar da babban ofis ya turo. Tun daminar bara take shuka furannin daji a nan, ta hana a share, ta hana a fesa magani. Ta ce tsuntsayen da ke ƙetaro teku da hamada suna bukatar inda za su huta su ci tsaba, ƙwarin da ke bin furanni su ma haka. Baƙin yau su ne suka ɗauki nauyin aikin.

Baban Inji ya waiwaya bayan shinge, inda ɗakuna biyu na ma'aikata suke. A nan matarsa take, da 'yarsa da ta dawo da goyo bayan rasuwar mijinta. Gidan na aiki ne. Bara an sallami mai gadi a kan laifin da bai kai wannan ba, kafin mako ya ƙare kayansa na bakin titi.

Matarsa ta fito da hannu duk kumfa. "Malam, lafiya na ji injin ya yi shiru?"

Sai ta ga filin. Ta durƙusa ta fara tsince furannin da aka yanke tana soka su cikin ƙasa. Shi ma ya durƙusa. Karan sai karyewa yake yi a hannunsa.

"Inna, ko kitso kika yi mata ba za ta tashi ba," in ji mai fenti. Ba wanda ya yi dariya, har shi da ya faɗa.

Rana na ɗagowa, duk abin da suka soka ya langaɓe. A haka Malama ta same su. Ta sunkuya ta ɗauki fure ɗaya, ta juya shi, ta yar.

"Malama, wallahi allon..."

"Tashi, Baba. Gwiwarka za ta yi ciwo." Muryarta babu zafi, wannan ya fi tsorata shi. "Abin da ya rage, in aka taɓa ko kara ɗaya, da hannuna zan rubuta sunan wanda ya taɓa, har babban ofis."

Ba ta rufe baki ba motar Darakta, shugaban wurin, ta tsaya. Ya fito yana gyara hula, ya dubi inda aka yanke ya gyaɗa kai, ya dubi sauran ya ɓata fuska.

"Wannan wane irin aiki ne rabi da rabi? Daji a tsakiyar gari? In maciji ya sari baƙo, wa za a tambaya?"

"Ranka ya daɗe, saboda shi suke zuwa," in ji Malama.

"Su gan shi a hoto. Kai, dattijo, suna hanya. Hau injin ka ƙarasa."

Darakta ne ke sa hannu a takardar sallama. Malama ce ke rubuta wa waɗanda ke sama da Darakta. Baban Inji ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai.

Ya taka a hankali zuwa wurin injin, a bakin doguwar ciyawar. Daga nan yana jin gunjin ƙudan zuma, sun bar inda aka yanke sun taru a sauran, sun yi baƙi a kan furanni. Ya zare makullin, ya yi kamar zai goge shi da gefen riga. Ya sake shi da ɗan ƙarfi. Ciyawa ta haɗiye shi ba ƙara.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "makulli ya suɓuce. Yana ciki."

"To shiga ka ɗauko!"

"Idona ba ya gani sosai, ranka ya daɗe. Sai dai a taya ni."

Darakta ya dubi direbansa. Direba ya dubi zumar, ya shiga goge gilashin mota. Mai fenti ya tuna bai wanke buroshi ba.

Daga bakin ƙofa aka ji hon ɗin motar baƙi. Darakta ya gyara hula, ya shirya murmushi, ya juya wajen Malama.

"Me kika ce sunan tsuntsayen nan?"